Tsakuwa Goma Sha Ɗaya

Tanimu ya dawo hutu ranar jajibirin kasuwar Gujungu,
jaka ɗaya, takalmi ya cinye,
bakinsa cike da mutanen da suka riga mu
da shekara ɗari uku, can ƙasashen sanyi.
Ya ce, Kaka, su ne suka ɗaga fitila
suka ce kada a karɓi zance don girman rawanin mai shi.
Ɗaya ya zauna bakin murhu yana shakkar komai,
har hannun da yake jin ɗumi da shi,
ya zubar, ya zubar, sai ya tarar
mai shakkar dai na nan zaune, bai zubu ba.
Wani ya ce zuciyar jinjiri wankakken allo ce,
duniya ke riƙe da tawada.

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Shekara arba'in ina awon gero, yaro.
Ko surukina ya rantse buhu ya cika,
sai mudu ya ba da shaida.
Wannan ne sai an haye teku?

Sai damina ta yi nauyi.
Kogi ya tsallako gonakin shinkafa ya kwana a lungunanmu,
da ya tafi ya bar mana amai da gudawa.
Yaro biyu muka kai makwanci kafin Juma'a.
Aka fara raɗa, raɗa ta yi ƙafa:
Kande ce, tsohuwar bayan rumbuna,
wai an ga ta kalli ɗan Barau ta lashi leɓe.
Samari suka soma tsintar duwatsu.
Ban tsinta ba. Ban kuma hana ba,
wannan ina faɗa don kada a yi mini shaidar da ban ci ba.

Tanimu ma ya tsinta, amma ƙanana.
Ya durƙusa a ƙofar dagaci, ya zana garin da yatsa,
ga masallaci, ga mahauta, ga hanyar Jahun.
Duk gidan da ciwo ya shiga, tsakuwa guda.
Goma sha ɗaya ya ajiye,
muka ga sun taru kamar kaji a kan tsaba
kewaye da rijiyar gindin tsamiya.
Unguwar masu shan famfo, ƙasa fes.
Ya ce, ta ƙarshen nan gidan Kande ne,
kwana uku tana kwance, wa ya leƙa?

Ba wanda ya yi tari.
Liman ya gyara zama ya ce,
Wanda ya ba mu ido bai ce mu runtse ba.
Aka ɗora wa rijiya ƙaya da tsohon kyaure.

Da dare, muna jin kwaɗi, na tambaye shi:
mutanen nan naka masu fitila,
haskensu ya iso kan irinmu?
Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma.
Ya ce, wasunsu sun rubuta 'yanci da hannun dama,
na hagu na ƙirga ribar jiragen
da ke haye ruwa da baƙar fata a ɗaure.

Na ce, to, gindin fitila dama ba ya rasa duhu.
Kada ka yar da mudun don mai shi ya yi algus.
Ka auna shi da shi.

Kande ta tashi, ta rame kamar sillen kara.
Har yau in na gaishe ta, sai ta dubi hannuna
kafin ta dubi fuskata.
Tsakuwarta na aljihuna, tare da canjin kasuwa,
duk sanda na laluba neman sulai
ita nake fara taɓawa.